BABI NA TAKWAS: ZAƁEN MOTA TSAKANIN MAI FETUR, MAI DIZAL, RUWA-BIYU DA MAI LANTARKI

1.0 Gabatarwa

Sayen mota yana daga cikin manyan hidimomin da ma'aikaci ko ɗan kasuwa yakan yi a rayuwarsa. Sau da yawa kuɗin da ake kashewa tarin shekaru ne, ko bashin ƙungiyar ma'aikata, ko adashen da aka daɗe ana zubawa. A shekarun baya mai sayen ƙaramar mota a Nijeriya ba ya wani dogon tunani a kan irin man da za ta sha, domin kusan kowace ƙaramar mota da fetur take aiki, kuma gwamnati tana biyan tallafi a kansa. Wannan hali ya sauya tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin a jawabinsa na kama mulki. Cikin 'yan kwanaki litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa. Tun daga nan tambayar abin da mota take ci ta zama daidai da tambayar kuɗin sayenta.

Wannan babi ya yi bayani a kan ire-iren motoci huɗu da ake samu a kasuwa dangane da makamashin da ke tafiyar da su, tare da ma'aunan da ya kamata mai saye ya ɗora kowace a kai. Jigon bayanin shi ne babu wata mota guda da ta fi sauran a kowane hali. Motar da ta dace ita ce wadda ta yi daidai da irin tafiyar mai ita, da abin da garinsa yake da shi na mai da wuta da makanikai, da kuma abin da aljihunsa zai iya ɗauka bayan an gama ciniki.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana yadda kowane nau'i na waɗannan motoci yake aiki;
(b) kawo alfanu da naƙasun kowane ɗaya;
(c) yin lissafin kuɗin tafiyar kilomita 100 da na shekara;
(d) amfani da keɓaɓɓun kalmomin harkar mota wajen koyar da Hausa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Injin fetur ya samo asali ne daga ƙasar Jamus, inda Nikolaus Otto ya ƙera inji mai bugu huɗu a shekarar 1876, sannan Karl Benz ya sami takardar mallakar fasahar motarsa a 1886. A wannan ƙasa ne kuma Rudolf Diesel ya yi nasarar tayar da injinsa a 1897, kuma daga sunansa ne aka sami kalmar dizal. Mutane da yawa suna ɗaukar motar lantarki a matsayin baƙon abu, alhali kuwa tsarar waɗannan ce, domin a 1897 akwai tasi masu aiki da batir a biranen Landan da Niyok. Abin da ya durƙusar da ita a wancan zamani shi ne nauyin batir da gajeren zango. Da kamfanin Ford ya fito da mota mai araha a Amurka a 1908, aka kuma sami arzikin mai a wurare da dama, sai fetur ya mamaye kasuwa har kusan ƙarni guda.

Farfaɗowar lantarki ta biyo bayan samuwar batirin litiyam, wanda ya shiga kasuwa a 1991. Kamfanin Toyota ya fito da Prius a Japan a 1997, wadda ta haɗa injin fetur da na lantarki. Tesla ta fara sayar da motarta a 2008, Nissan kuma ta fito da Leaf a 2010. A wannan fage akwai hannun ɗan Arewacin Nijeriya, wato Jelani Aliyu, ɗan asalin Jihar Sakkwato, wanda ya zana fasalin samfurin farko na motar Chevrolet Volt a Amurka, daga baya kuma ya shugabanci hukumar tsara ƙera motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. A zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato a 2021.

4.0 Ire-iren Motoci

4.1 Mota Mai Fetur

A cikin injin fetur, iska da mai suna gauraya su shiga silinda, fistan ya matse su, sai fulogi ya ba da tartsatsi su kama da wuta. Ƙarfin wannan ƙuna shi ke tura fistan, shi kuma ya juya ƙarfen da ke kai motsi ga ƙafafun mota. Sai dai mafi yawan ƙarfin da ke cikin man ba ya kaiwa ga ƙafafu. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa ɗaya bisa uku ne kawai yake zama motsi, saura kuwa zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto.

Babban alfanun wannan mota shi ne sabo. Tun daga lokacin da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, an sami makanikai bi da bi waɗanda suka san injin fetur ciki da waje. Kayan gyaranta suna nan jibge a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma da wuya a sami ƙaramar hukumar da babu gidan mai. Haka kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi a wajen saye, musamman ta hannu da ake shigowa da ita daga Turai da Amurka. Naƙasunta shi ne shan mai, musamman a cikin gari inda ake yawan tsayawa inji yana aiki, da kuma kasancewar mai ita yana ƙarƙashin hawa da saukar farashi da dogon layi a lokacin ƙarancin mai.

4.2 Mota Mai Dizal

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Iska kaɗai yake matsewa matsi mai tsanani har ta yi zafi ƙwarai, sannan a fesa mata mai ya kama da kansa. Saboda wannan matsi, da kuma kasancewar litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da fiye da kashi goma cikin ɗari, motar dizal takan ci zango fiye da takwararta mai fetur a kan lita guda. Tana kuma da ƙarfin ja tun inji bai yi gudu ba, shi ya sa tirela da tifa da tanka da tarakta duk da dizal suke aiki. Injinta yana da juriya idan ana yi masa juye a kan kari.

Duk da haka akwai abubuwa uku da mai saye zai lura da su. Na farko, an daɗe da sakin farashin dizal ga kasuwa a Nijeriya, shekaru masu yawa kafin na fetur, saboda haka litarsa ta saba fin ta fetur tsada. Na biyu, ƙananan motocin dizal na zamani da aka ƙera domin Turai suna da nozil masu laushi da matatar hayaƙi a jikin salansa. Waɗannan ba sa jure gurɓataccen mai, ko mai yawan farar wuta, ko wanda aka gauraya da kananzir, kuma gyaransu yana da tsada. Matatar hayaƙin tana buƙatar doguwar tafiya jefi-jefi domin ta yi zafi ta ƙone tokar da ta tara, don haka motar da ba ta wuce gida zuwa ofis takan toshe. Na uku, hayaƙin dizal yana da illa ga huhu. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa sankara. A 2015 kuma aka gano kamfanin Volkswagen ya sanya wa miliyoyin motocinsa na dizal manhajar da ke ɓoye yawan gubar hayaƙinsu a lokacin gwaji, abin da ya rage farin jinin ƙananan motocin dizal a Turai.

4.3 Mota Ruwa-Biyu

Wannan ita ce motar da direbobi da dillalai suke kira haibirid. Tana da injin fetur, tana kuma da injin lantarki da batir matsakaici, kuma na'urar kwamfuta ce take raba musu aiki. Idan ana tafiya a hankali ko an tsaya a danja, injin fetur yakan mutu lantarki ya karɓa. Idan an hau babbar hanya fetur ya dawo. Hikimar da ke cikinta ita ce duk lokacin da direba ya taka birki, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareto, ya mayar da ƙarfin gudun motar cikin batir, maimakon ya salwanta a matsayin zafi. Saboda haka ba ta buƙatar a sa ta caji, fetur kawai ake zuba mata. Akwai kuma wani nau'i mai babban batir da ake iya jona shi da wuta, wanda yakan yi 'yan gomiyoyin kilomita da lantarki zalla kafin ya koma ga fetur.

Ribar ruwa-biyu ta fi fitowa a cikin cunkoson gari, inda takan rage shan mai da kimanin kashi ɗaya bisa uku. A doguwar hanya kuwa, inda ba a yawan taka birki, bambancin yakan ragu. Abin tsoro a cikinta shi ne batirin. Mafi yawan waɗanda ake shigowa da su sun riga sun yi shekaru a ƙasar da aka ƙera su ko aka fara amfani da su, kuma sauya batirin babbar hidima ce. Batirin yana da fankar da ke sanyaya shi da iskar cikin mota, kuma ƙurar hunturu tana toshe mashigar iskar idan ba a share ta ba. Bugu da ƙari, ƙarfin wutarsa yakan haura bolt 200, wanda zai iya kashe makaniken da ya taɓa shi ba da sani ba.

4.4 Mota Mai Lantarki Zalla

Wannan mota ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba ta da fulogi, kuma ba a yi mata juyen baƙin mai. Babban batir ne a shimfiɗe a ƙarƙashinta yake ba injin lantarki wuta. Fiye da kashi uku bisa huɗu na wutar da aka zuba mata yana zama motsi, wato ta ninka injin fetur wajen tattalin makamashi. Ana auna batirinta da kilowat-awa, wanda shi ne yunit ɗin da ake saya a mitar gida. Matsakaiciyar mota tana da batir mai yunit 40 zuwa 60, tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, don haka caji guda yakan kai ta kilomita 200 zuwa 400.

Wahalarta tana wajen caji. Idan aka jona batir mai yunit 50 a soket ɗin gida zai ɗauki kusan awa ashirin kafin ya cika daga ƙasa. Na'urar caji ta musamman da ake kafawa a bango takan yi shi cikin awa bakwai zuwa takwas. Tashar caji mai sauri kuwa takan cika mafi yawansa cikin kimanin rabin awa, amma irin waɗannan tashoshi ba su yawaita ba a manyan hanyoyin Arewa. Haka kuma tsananin zafi yana gaggauta tsufan batirin litiyam, musamman a motocin da ba su da ruwan sanyaya batir. Kamfanoni da yawa suna ba da lamunin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan batirin sabuwar mota, sai dai wanda ya sayi ta hannu yawanci bai sami wannan kariya ba.

4.5 Tsokaci a Kan Iskar Gas

Akwai hanya ta biyar da ta bunƙasa bayan cire tallafi, wato mayar da motar fetur ta riƙa aiki da matsattsiyar iskar gas. Gwamnatin Tarayya ta kafa shiri na musamman domin haka a 2023. Ana sanya tukunya a but ɗin mota, direba kuma yana iya komawa fetur idan gas ya ƙare. Gas ɗin ya fi fetur araha, amma tukunyar tana cin wurin kaya, kuma amfaninta ya dogara ga samun tashar ɗura a kusa. Wajibi ne a yi aikin a wurin da hukuma ta amince da shi, domin a 2024 wata tukunya ƙirar gida ta fashe a wata tashar ɗura a birnin Benin ta jikkata mutane.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

5.1 Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo

Hausawa suna cewa araha ba ta ado. Kuskuren da aka fi yi shi ne duban kuɗin da za a biya dillali kawai, a manta da abin da motar za ta ci cikin shekara biyar. Domin fito da wannan fili, ga misalin lissafi. Farashin da aka sa a nan na misali ne, ɗalibi zai iya maye gurbinsu da na garinsa a ranar da yake lissafin.

A ɗauka fetur naira 900 ne lita, dizal naira 1,100, wuta kuma naira 210 yunit. A tafiyar kilomita 100:

Mai fetur: lita 8, wato naira 7,200.
Mai dizal: lita 6, wato naira 6,600.
Ruwa-biyu: lita 5, wato naira 4,500.
Mai lantarki: yunit 18, wato naira 3,780.

Malamin da yake yin kilomita 15,000 a shekara zai kashe naira 1,080,000 a motar fetur, ko naira 675,000 a ruwa-biyu. Rarar ita ce naira 405,000. Idan ruwa-biyun ta fi takwararta tsada da naira miliyan biyu, sai ya yi kusan shekara biyar kafin ya mayar da wannan ƙari, kuma idan batir ya mutu a tsakani lissafin ya rushe. Direban tasi kuwa da yake yin kilomita 45,000 a shekara, rararsa ta kai naira 1,215,000, don haka kafin shekara biyu ya mayar da kuɗinsa. Ke nan mota ɗaya tana iya zama riba ga wani, ta zama nauyi ga wani, kuma yawan tafiya ne ya raba su.

5.2 Samuwar Makamashi

Lissafin da ya gabata ya nuna lantarki ya fi araha, amma wannan gaskiya ce kawai ga wanda yake samun wutar. A watan Afrilu na 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana zuwa sama da naira 200 a yunit, sauran rukunoni kuwa suna biyan ƙasa da haka amma wutarsu ba ta da tabbas. A watan Oktoba na wannan shekara jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta. Wanda ba shi da wata mota sai mai lantarki a irin wannan hali, ya zama kamar mai doki ba harawa.

Mai yiwuwa wani ya ce zai yi caji da janareto. Ƙaramin janareton gida bai cika ba da fiye da yunit biyu a litar fetur ba. Yunit 18 ke nan zai ci lita 9 ko fiye, wato ya zarce lita 8 da motar fetur take sha kai tsaye. Mafita mai ma'ana ita ce hasken rana, wanda Arewa take da shi a wadace. Mai tafiyar kilomita 40 a rana yana buƙatar kimanin yunit bakwai, kuma faifan sola biyar ko shida masu wat 400 za su iya samar da haka a ranar da gari ya yi haske. Sai dai idan motar tana wurin aiki da rana, dole a ƙara batirin ajiya a gida, kuma kuɗin wannan duka yana cikin kuɗin motar.

Ta fuskar mai kuwa, matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da dizal a farkon 2024, fetur kuma a watan Satumba na shekarar, abin da ya rage dogaro ga shigo da mai daga waje. Amma tace mai a gida bai raba farashinsa da na ɗanyen mai a kasuwar duniya da darajar naira ba.

5.3 Zango da Irin Hanya

Daga Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, wanda motar lantarki za ta iya yi da caji guda. Daga Kano zuwa Maiduguri kuwa ya doshi kilomita 600, wanda ya fi ƙarfin mafi yawansu idan babu tasha a hanya. Gudu mai yawa da kunna na'urar sanyaya mota suna ƙara rage zangon. Haka kuma a hanyar karkara mai ramuka da kwazazzabai, motar da batirinta yake ƙasa tana cikin haɗari, domin dutse ɗaya yana iya fasa abin da ya fi komai tsada a jikinta. A irin wannan hanya a-kori-kura mai dizal ko mai fetur ta fi dacewa.

5.4 Makanike da Kayan Gyara

Kafin a biya kuɗin kowace mota, ya kamata a san wanda zai gyara ta da inda za a samo kayanta. Motar lantarki ba ta yawan buƙatar gyara, amma ranar da ta tsaya sai mai na'urar bincike da horo na musamman. Idan irin wannan gwani yana Abuja ko Legas, mai motar kuma yana Gumel ko Argungu, kuɗin ɗaukarta a bayan wata mota ma hidima ce. Ga ruwa-biyu da mai lantarki na hannu, wajibi ne a auna lafiyar batir da na'ura kafin ciniki, domin sayensu ba tare da haka ba cinikin biri a sama ne.

5.5 Lafiya da Muhalli

Kowace litar fetur da aka ƙone tana fitar da kimanin kilo 2.3 na iskar kabon da ke ɗumama duniya, ta dizal kuma kimanin kilo 2.7. Motar lantarki ba ta fitar da hayaƙi a titi, wanda alheri ne ga mazauna birane masu cunkoso. Duk da haka tsabtarta ta dogara ga tushen wutar. A Nijeriya mafi yawan wuta daga tashoshin iskar gas take fitowa, saura kuma daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Haƙar ma'adinan batir ma tana da nata lahani ga ƙasa da ma'aikata, kamar yadda ake gani a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ake samun mafi yawan kobal na duniya.

Ƙasashen da suka yi nisa a harkar motar lantarki sun fara ne da wadatar wuta. A Norwe, inda mafi yawan wuta daga ruwa take fitowa, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki ne. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024, tana dogaro ga wutar madatsun ruwanta domin rage kuɗin ƙetare da take kashewa a kan mai. Darasin da ke nan shi ne ba a kwaikwayon zaɓen wata ƙasa sai an duba abin da ya ba ta damar yin sa.

6.0 Wace Mota Ta Dace da Wa?

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya karkasa masu saye kamar haka. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta da yawa, jarinsa kuma kaɗan ne, ko yake zaune nesa da manyan birane, ƙaramar mota mai fetur mara shan mai ta fi masa kwanciyar hankali. Mai dakon kaya ko fasinja a doguwar hanya, dizal ne abokin aikinsa, muddin ya san inda zai sami mai mai kyau. Direban tasi da duk wanda yake wuni cikin cunkoson gari, ruwa-biyu mai lafiyayyen batir za ta biya shi. Wanda yake da tsayayyiyar wuta ko sola a gida, tafiyarsa ta cikin gari ce, kuma yana da wata hanya idan doguwar tafiya ta taso, motar lantarki za ta fi masa sauƙin riƙo. Hukumomi da kamfanoni masu motoci da yawa da ke kwana a wuri ɗaya su ma suna iya cin moriyarta, domin tashar caji ɗaya za ta ishe su duka.

7.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Harkar mota fage ne mai kyau na nuna wa ɗalibai yadda harshe yake karɓar baƙin abubuwa. Akwai kalmomin da aka aro aka hausantar da su, kamar fetur, birki, fulogi, salansa, lagireto da batir. A nan malami zai iya nuna yadda Hausa take saƙa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, ko ta ƙara shi a ƙarshen kalma. Akwai waɗanda aka ƙirƙira daga cikin gida, kamar baƙin mai, gidan mai, a-kori-kura da 'yan bumburutu. Akwai kuma faɗaɗa ma'ana, kamar juye, da ƙafa a maimakon taya, da shan mai, inda aka ba mota sifar mai rai. Kalmar ruwa-biyu da aka yi amfani da ita a wannan babi tana cikin wannan rukuni, domin asalinta ana faɗinta ne ga wanda iyayensa suka fito daga jinsi biyu.

Ya kamata malami ya ja hankalin ɗalibai ga kalmar gas. A bakin direbobi gas na nufin dizal, alhali yanzu akwai gas na girki da gas na tukunyar mota. A rubutu, ya fi kyau a ce dizal ga na farko, iskar gas ga sauran, domin kauce wa ruɗani.

8.0 Kammalawa

Babin ya nuna cewa kowane nau'in mota yana da wurin da ya fi ƙarfi da wurin da ya gaza. Fetur ya fi sauƙin saye da gyara, dizal ya fi ƙarfin ja da cin zango, ruwa-biyu ta fi tattali a cikin gari, lantarki kuma ya fi arahar tafiya ga mai wuta. Mai saye zai tsira daga nadama idan ya amsa tambayoyi huɗu kafin ya shiga wurin dillali: kilomita nawa yake yi a shekara, a wace irin hanya, ina zai sami mai ko wuta, kuma wa zai gyara masa. Da yake farashi da fasaha suna sauyawa, amsar da ta dace a bana tana iya sauyawa nan da 'yan shekaru, amma hanyar lissafin ba za ta sauya ba.

9.0 Tambayoyin Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin yadda mai yake kamawa da wuta a injin fetur da na dizal.
2. Me ya sa ruwa-biyu ta fi tattalin mai a cikin gari fiye da a doguwar hanya?
3. Kawo dalilai uku da za su hana mazaunin karkara sayen motar lantarki.
4. Nemo farashin fetur da dizal da wuta na yau a garinku, sannan a sake lissafin sashe na 5.1.
5. Ziyarci garejin makanikai, a tattaro kalmomi ashirin na harkar mota, a karkasa su zuwa na aro, na ƙirƙira da na faɗaɗa ma'ana.
6. Tsara darasin minti arba'in na aji biyu na ƙaramar sakandare a kan keɓaɓɓun kalmomin sufuri.